Gadar Teku, Injin Gurza da Wayar Kamina: Ina Rabon Zongon Lome a Tarihin da Ake Adanawa?

Duk wanda ya bi titin bakin teku a Lome, daga wajen Babbar Kasuwa ya nufi iyakar Aflao, idonsa ba zai tsallake wasu ƙarafa da suka miƙe cikin ruwa ba. Tsatsa ta cinye su, gishiri ya huda su, wasu sun karkace, wasu sun zube, igiyar ruwa tana dukansu dare da rana. Masunta suna jan taru a gefensu, yara suna buga ƙwallo a kan rairayi, masu sayar da kwakwa suna fafe ta da adda suna miƙa wa 'yan shan iska. Waɗannan ƙarafa su ne ragowar gadar da jiragen ruwa suke sauke kaya da mutane a kanta, tun kafin a san za a yi tashar jiragen ruwa ta zamani a garin. Ta kansu auduga da manja da busasshiyar kwakwa suka fita zuwa Turai, ta kansu kuma gishiri da atamfa da bindiga da injuna suka shigo.

Ba da nisa ba, a kan wannan titin dai, akwai wani gini da ya yi sa'ar da gadar ba ta yi ba. Fadar gwamnonin Jamus ce, wadda aka fara ginawa a 1898 zamanin gwamna August Köhler, aka gama a 1905. An fuskantar da ita teku da gangan, domin duk jirgin da ya doso gaɓa ya fara ganinta. Gwamnonin Faransa sun zauna a cikinta, bayan samun 'yancin kai a 1960 ta zama fadar shugaban ƙasa, daga baya masaukin manyan baƙi. Rikicin siyasar farkon shekarun 1990 ya sa aka yi watsi da ita fiye da shekara ashirin, har itatuwa suka tsiro a cikin ɗakuna. A watan Nuwamba 2019 aka sake buɗe ta da sunan Palais de Lomé, ta zama gidan nuna zane-zane da al'adu, ga kuma lambu mai faɗin kadada goma sha ɗaya da ya gangara har bakin titin teku. Aiki ne mai kyau ƙwarai, wanda ya cancanci yabo. Gidan da a da baƙar fata ba ya shiga sai da izini, yau 'yan makaranta suna zagaya shi suna tambayar malamansu sunayen itatuwa.

Sai dai fada labarin mai fada take bayarwa. Waɗanda suka ɗauki kaya a ka, suka juya injin, suka riƙe bindiga, suka kawo shanu da goro, nasu labarin yana warwatse a bakin teku da cikin daji da kuma bakin tsofaffi. Kaso mai tsoka na wannan labari kuwa na mutanen Zongo ne.

Lome ba tsohuwar daula ba ce irin Kano ko Katsina. A wajajen 1880 ta fara zama gari, sa'ad da 'yan kasuwa suka gaji da harajin fito da Turawan Ingila suke karɓa a Gwal Kos, wato Gana ta yau, suka tsallako iyaka kaɗan suka kafa rumfuna inda hannun kwastan ba ya kaiwa. Cikin waɗanda suka fara amsa kiran wannan sabuwar kasuwa akwai fataken Hausawa masu bin hanyar Gwanja, waɗanda Salaga ce cibiyarsu. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, jama'arta suka bazu, da yawa suka sauka Kete-Krachi, wadda ta faɗa hannun Jamusawa, daga nan hanya ta ƙara buɗewa zuwa bakin teku. Cikin waɗanda suka koma Kete-Krachi har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano a 1858, wanda ya zama limamin garin, ya rubuta wa jami'in Jamus Adam Mischlich tarihin ƙasar Hausa da al'adunta da ajami, ya rasu a can a 1934. Wato ke nan, tun Lome tana rarrafe Hausawa suke tare da ita.

Mulkin Jamus shi ma ta teku ya zo, da jirgin yaƙi. A Fabrairu 1884 wani jirgin yaƙinsu mai suna Sophie ya tsaya a Aneho, ya kwashi wasu manyan garin ya tafi da su garkuwa. A Yuli na wannan shekarar Gustav Nachtigal ya iso cikin jirgin Möwe, aka sa hannu a takardar kariya a Bagida da sunan sarkin Togo, Mlapa. Shekara guda bayan haka Jamusawa suka kafa rundunar 'yan sanda mai ɗauke da bindiga, farkon waɗanda aka ɗauka kuwa Hausawa ne. Haka Ingila ta riga ta yi a Legas tun 1863 da dakarun da aka sani da Hausawan Glover, haka kuma ta yi a Gwal Kos. Turawan wancan zamani sun ɗauka Bahaushe ne ya fi dacewa da aikin soja, har ta kai duk wanda ya fito daga arewa, Bagurunshe ne ko Bamoshe ko Bazabarme, da ya sa kaki ya zama Bahaushe a takarda, Hausa kuma ita ce harshen bariki.

A nan ba a yi wa tarihi kwalliya. Waɗannan dakaru da su aka ci ƙasashen arewa da yaƙi, da su aka karɓi haraji, da su aka tilasta wa talakawa aikin hanya. A Adibo, a 1896, bindigoginsu ne suka karya rundunar Dagomba. Wanda yake son a tuna da kakansa a dandalin tarihi, dole ya yarda a tuna da wannan ma.

Bakin tekun Lome ba shi da mafaka. Igiyar ruwa tana karyewa da ƙarfi a kan gaɓa, don haka manyan jirage can nesa suke tsayawa, a yi ta jigila da kwale-kwale, kaya suna jiƙewa, mutane suna nutsewa. Shi ya sa Jamusawa, bayan sun mai da Lome hedikwata a 1897, suka gina gadar ƙarfe mai tsawon kimanin mita 300 wadda ta tsallake inda ruwa yake karyewa, aka buɗe ta a 1904. Fasinja ba da ƙafarsa yake hawa ba. Daga cikin kwale-kwale ake sa shi a wani akwati mai kujeru, ƙugiya ta sure shi sama yana lilo a kan ruwa, sannan ta dire shi a kan gada. A 1911 teku ta yi fushi ta karya wani sashe nata, aka gyara. Faransawa suka gina tasu a gefenta, ta fara aiki a 1928, ita kuma ta yi hidima har aka buɗe tashar jiragen ruwa mai zurfi a 1968.

Gadar ce ta kashe kasuwar Aneho ta ɗaga Lome, domin daga bakinta layukan dogo uku suka tashi: na Aneho a 1905, wanda ake kira layin kwakwa, na Kpalime a 1907, layin koko, sai na Atakpame a 1911, layin auduga. Wannan na ukun shi ne ya fi shafar labarinmu, don a kansa yaƙi ya bi.

Maganar injin gurza kuwa, labarinta yana da ban mamaki. Masaƙun Jamus sun gaji da dogara ga audugar Amurka, sai wani kwamitin 'yan kasuwarsu mai kula da tattalin arzikin ƙasashen mallaka ya nemi taimakon Booker T. Washington, shugaban makarantar Tuskegee ta baƙaƙen fata a jihar Alabama. Ya aiko mutum huɗu, James Calloway ne jagoransu, cikinsu da John Robinson. Suka sauka Lome da garmuna da kekunan shanu da iri da injin gurzar auduga, suka nufi Tove kusa da Kpalime. Ƙudan tsando ya kashe dabbobin da aka tanada domin jan kaya da juya injin. To, sai aka ɗora wa mutane aikin dabba: su ne suka ja kekunan, su ne kuma suka riƙa zagayawa suna tura sandar da take juya injin. Jikokin bayi daga Amurka suna tsaye suna lura, 'yan ƙasa suna zufa, riba tana tafiya Bremen da Hamburg. Daga baya aka buɗe makarantar noman auduga a Notse a 1904, Robinson ya riƙe ta, ya kuma nutse a kogin Mono a 1909. Masanin tarihi Andrew Zimmerman ya bi diddigin wannan duka a littafinsa na 2010.

Abin lura shi ne, ba Bature ne ya koya wa mutanen ƙasar nan auduga ba. Mata suna nomanta a tsakanin doya da masara, suna gurje ta da magurji a kan dutse, su kaɗa zare, masaƙa su saƙa. Fataken Hausawa suna yawo da sawaye da baƙin rini na Kano a kasuwannin nan tun kafin a ga hayaƙin injin. Abin da injin ya yi shi ne ya ƙwace audugar daga hannun mai kaɗi ya miƙa ta ga jirgin ruwa. Haka aka yi wa manja: abin da mata suke kirɓawa a turmi su tace a kwatarniya, aka kafa masa injin matsa a gonakin kamfanonin Jamus da ke gindin dutsen Agu. Duk wanda zai kafa gidan tarihin injin a Togo, ya kamata ya ajiye magurji da mazari da turmi kusa da ƙarfen Jamus, don mai kallo ya ga abin da aka samu da abin da aka rasa.

Ba a ce injin bai kawo sauƙi ba. A shiga kowane lungu na Zongo da sassafe a ga layin robobi da kwanoni a ƙofar mai niƙa: wannan jiƙaƙƙen gero ne na koko, wancan wake ne na ƙosai, ga masara ta tuwo, ga tattasai da albasa na markaɗe. Bel yana kaɗawa, ƙara ta hana a ji sallama, mai injin ya yi fari fat har gira, yana tura hatsi da ɗan itace yana ɗaure faifan niƙan da hannu ɗaya. Yarinyar da take jiran kwanonta ba ta taɓa durƙusawa a gaban dutsen niƙa ba, kakarta kuwa da asuba take fara wannan aiki, gwiwa da tafin hannu duk kanta. Wannan canji ya faru ne a idon mutanen da har yanzu wasunsu suna raye, kuma ya fi taɓa rayuwar gida fiye da sauyin gwamnoni.

Sai babban labari, na Agusta 1914. A Kamina, kusa da Atakpame, kamfanin Telefunken ya fara gina tashar wayar iska a 1911, aka kammala ta dab da ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Turaku tara na ƙarfe aka kafa, mafi tsawonsu sun kai mita 120, da tukwanen tururi masu ba da wutar lantarki. Daga nan ake magana kai tsaye da Nauen kusa da Balin, tazarar fiye da kilomita 5,000, a kuma miƙa saƙo zuwa Kamaru da Namibiya ta yau da jiragen Jamus da ke cikin tekun Atilantika. Da aka shiga yaƙi, abu na farko da Ingila ta yi shi ne yanke wayoyin Jamus da ke ƙarƙashin teku. Sai Kamina ta zama kunne da bakin Jamus a wannan sashe na duniya. Cikin makonni uku ta isar da saƙo 229, ciki har da gargaɗi ga jiragen kasuwancin Jamus su gudu su fake a tashoshin ƙasashen da ba ruwansu da yaƙin.

Saboda haka yaƙin Togo, ko da yake a tudu aka yi shi, yaƙin teku ne. Ba ƙasar Ingila take kwaɗayi a lokacin ba, so take ta toshe bakin da yake magana da jirage. Gwamnan Jamus yana hutu a gida, mataimakinsa Manjo von Doering ya nemi a bar ƙasashen mallaka a gefe kada baƙar fata su ga Turawa suna kashe juna, aka ƙi. Ya janye daga Lome ya nufi Kamina, sojojin Gwal Kos suka shiga garin ranar 7 ga Agusta ba tare da turjiya ba, Faransawa kuma suka shigo ta gabas daga Dahome. Cikin waɗannan kwanaki, a kan hanyar da ta tashi daga Lome ta yi arewa, wani soja mai suna Alhaji Grunshi ya harba harsashin da aka yarda shi ne na farko da wani sojan Ingila ya harba a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ba a Faransa ba, ba a Beljiyam ba: a ƙasar Togo, daga hannun Musulmi ɗan arewa da yake karɓar umarni da Hausa. Ya rayu ya yi yaƙi a Kamaru da Gabashin Afirka, ya kai muƙamin saje manja, ya sami lambobin yabo.

Rundunar Ingila da Laftanar Kanar Bryant yake jagoranta ta bi layin dogo da hanyar mota. Aka gwabza a Agbeluve tsakiyar wata, inda kwamandan Jamus Kyaftin Pfähler ya mutu. Ranar 22 ga Agusta aka yi karo mafi zafi a kogin Kra, inda bindigogi masu sarrafa kansu na Jamus suka yi ɓarna. A nan Laftanar George Thompson ya faɗi, hafsan Ingila na farko da aka kashe a fagen daga a wannan yaƙi, tare da sojojin Sanigal da yake jagoranta. Kabarinsa yana Wahala, da sunansa a rubuce, ana kula da shi har gobe. A daren 24 wayewar 25 ga wata Jamusawa suka kayar da turakun Kamina da hannunsu suka cinna wa injuna wuta, ranar 26 suka miƙa wuya. Ita ce nasarar farko da ƙawancen Ingila da Faransa suka samu a yaƙin baki ɗaya. Ingila ta riƙe Lome har 1920 kafin ta bar wa Faransa.

A ɓangarorin biyu na kogin Kra, mafi yawan masu riƙe da bindiga 'yan Afirka ne, da yawansu Musulmi 'yan arewa. Ba abin mamaki ba ne a ce mai harbi da wanda ake harbi da harshe ɗaya suke salati. Bayansu kuma ga ɗaruruwan 'yan dako da suka ɗauki harsashi da abinci a ka. Sunan hafsa ɗaya ya shiga littattafai, su kuwa sai dai a ce "da sauransu".

Yau a Kamina abin da ya rage shi ne manyan tubalan siminti da aka ɗaure wayoyin turaku a jikinsu, da tukwanen ƙarfe da suka yi ja, da ƙafafun injuna a cikin ciyawa. Amma ba sai an je can ba. Jamusawa suna da wata ƙaramar tashar wayar iska ta magana da jiragen da ke kusa da gaɓa, a Togblekope, bakin kogin Zio, ita ma sun rushe ta sa'ad da suke janyewa, kuma ta nan rundunar Ingila ta ratsa. Togblekope kuwa ita ce maƙwabciyar Zongon yau.

Yadda Zongo ya koma can sananne ne ga duk dattijon unguwa. Tsohon Zongo a tsakiyar gari yake. A 1977, zamanin Janar Eyadema, aka rushe shi aka kwashe jama'arsa zuwa wani fili kimanin kilomita 15 arewa da gari, a kan hanyar Atakpame, wajen Agoe. A inda gidaje da masallatai da zaurukan karatu suke, yanzu dogayen benayen bankuna ne. Wani masani Bafaranshe, Michel Agier, ya zauna da mutanen sabon Zongo jim kaɗan bayan tashin, ya fitar da littafi a 1983 kan fataucin shanu da goro, da yadda maigida yake saukar da baƙo, ya ci da shi, ya tsaya masa a ciniki, har wata rana ya aurar masa da 'ya. Littafin da Faransanci yake, kuma jikokin waɗanda aka rubuta labarinsu kaɗan ne suka taɓa riƙe shi.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane cewa kangon masana'anta da tsohon jirgi dukiya ne. A Minneapolis ta Amurka, wani katafaren gidan niƙan alkama na 1880 da gobara ta cinye a 1991, ba a share shi ba, an gina gidan tarihi a cikin kangon aka buɗe a 2003, ga dandalin shaƙatawa a bakin kogi. A Landan jirgin yaƙi HMS Belfast yana tsaye a kogin Thames tun 1971 mutane suna biya suna shiga. A Najeriya ma akwai gidan tarihin yaƙi na Umuahia, inda aka ajiye jirgin ruwan yaƙin basasa. Mu kuwa mun ga yadda dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace, sai a hoto da bayan tsohuwar takardar kuɗi. Abin da ba a tsare ba, tafiya yake yi.

A ganina Lome tana da duk abin da ake bukata, kuma ba sai an kashe irin kuɗin da aka kashe wa fada ba. Hanya ɗaya ce tak: ta tashi daga ƙarafan gada, ta bi ta tsohuwar tashar jirgin ƙasa da filin tsohon Zongo, ta ratsa Togblekope, ta wuce Notse da Wahala, ta tuƙe a Kamina. A kowane zango a kafa allo da Faransanci da Ewe da Hausa, boko da ajami. Gadar ita ce ta fi gaggawa, domin teku ba ta jira a gama taro.

Amma ba daidai ba ne a zauna jiran hukuma. Rabin wannan tarihi a hannunmu yake: a cikin adakar tsofaffi akwai wasiƙun ajami da takardun bashin goro, da hotunan tsohon Zongo, da lambobin soja na kakanni, ga dutsen niƙa da aka jingine a bayan ɗaki. Unguwar kuma kowa ya san halinta da ambaliyar Zio, damina ɗaya ta isa ta mai da takardar shekara ɗari ta zama dagwalo. Wanda yake da shekara ashirin ranar da aka rushe tsohon Zongo, yau ya doshi saba'in.

Don haka kira nake ga sarakunan Zongo da limamai da ƙungiyoyin matasa, da attajiran kara da na tasha: a ware ɗaki guda a kusa da babban masallaci, a sa ɗalibai su bi gida-gida da waya su naɗi muryar dattawa maza da mata, a ɗauki hoton kowace takarda a mayar wa mai ita, a zana taswirar tsohuwar unguwa layi-layi tun masu tuna ta suna nan. Idan aka haɗa wannan, sai a ɗauka a kai wa ma'aikatar al'adu da masu kula da Palais de Lomé, a nemi a ba Zongo gurbinsa. A fara bana, kada a bari sai baɗi.